Yayata ta ƙone mini kai, ni na fasa mata baki

Haboba Jidda, assalamu alaikum. Ki taimake ni tun kafin shaiɗan ya gama da ni, don ina rubuto miki ne da almakashi a ƙarƙashin matashina.

Mu 'yan Hartum ne, yaƙi ya koro mu Gadarif wurin dangin babanmu, manoman riɗi. Tun muna ƙanana mamarmu ke shafa mana kirim ɗin miƙar da gashi, ni da yayata Raniya, don kada yaran unguwa su gane mu Hausawa ne su ce mana Takari. Hausa ma a ɗaki muke yin ta, ƙasa-ƙasa. Da muka zo nan, wa ke ta gashi ana neman wurin shimfiɗa? Sai sabo ya tsiro daga gindi, baƙi wuluk, cunkus, irin na kakarmu Kande ta nan gidan. Wallahi ban san ina da shi ba. Na ji ina son sa. Tsohon yana ta karyewa yana zuba a tabarma, na ce halas, shi ke nan, na bar kirim.

Raniya tana da manemi tun Hartum, Elfatih. Danginsa ba su san asalinmu ba, ga shi mahaifiyarsa za ta zo ganin gida. Raniya ta ce in matar ta ga kaina an gama. Na ce zan rufe da tob, babban mayafin nan namu, ta ce mace ba ta wuni a lulluɓe cikin mata. Ranar Juma'a bayan azahar ina kwance a rakuba, rumfar tsakar gida, suka danne ni ita da ƙanwar mamarmu, Hala Asia. Hala ta zaune mini ƙafafu, Raniya ta sa mini gwiwa a wuya tana danƙara mini wani kirim marar suna da ta sayo a kasuwa. Ina ihu kaina na ci da wuta, suna cewa alamar yana aiki ke nan. Da na kuɓuce, hannuna ya faɗa kan taɓaryar ƙarfe ta daka buna, wato gahawa. Na kai wa Raniya a baki. Haƙorin gaba ya fita, leɓe ya tsage, jini har ƙirji.

Yanzu fata ta saɓule bayan kunnena, ruwa na tsatsafowa, gashi na bin matashi. Hala ta ce in shafa man karkar, man gashinmu na gargajiya. Ba wanda ya ce mini sannu, gida duka makokin haƙorin amarya ake. In na ga Raniya tana barcin rana, gashinta kwance har kafaɗa, hannuna ƙaiƙayin datse shi yake. Wani sa'in kuma in ce a'a, bari uwar Elfatih ta iso in tarbe ta a bakin ƙofa da gaisuwar Hausa, kowa ya rasa. Wanne ya fi, Haboba?

Mai kai da ƙuna, Gadarif

Wa alaikumus salam, 'yar nan. Kin ba ni zaɓi tsakanin kunama da maciji, to na gode, na ƙoshi. Miƙa wa Kande almakashin nan ta ɗaure a bakin zane, sannan mu yi magana.

Kanki tukuna. Wannan ƙuna ce, ba amosani ba. Karkar abincin gashi ne mai lafiya, a kan gyambo kuwa rufe wuta ne da ciyawa. Ki wanke da ruwa mai tsabta kawai, yau ki je asibiti. Ba kitso, ba ɗaurin ɗankwali mai matsewa, sai ya warke sarai. Ba zan yi miki ƙarya ba, wani wurin yana iya ƙin tsirowa. In ya warke, ki sani inda sabon gashi ya haɗu da tsoho nan yake karyewa. Ki tsefe shi da danshi, da yatsu, ki yi kalaba manya sako-sako, kina datse mataccen sannu a hankali. Riɗi ma ba ranar shuka ake karkaɗe shi ba.

Abin da aka yi miki zalunci ne, ba gyaran amarya ba. Asia ta fi ba ni haushi, babba da ita ta zama turmin danne yaro. Amma ke ma taɓaryar ƙarfe kika ɗaga. Da ta hau sama kaɗan, da daga gidan yari kike rubuto mini. Kuma tsoron Raniya ba ita ta ƙirƙire shi ba, a kwano ɗaya aka ba ku shi kuna yara. Ke kin amayar, ita har yanzu yana cikinta.

Gaisuwar Hausa kuwa, harshen kakanninki ba wuƙa ba ne. In kika soki yayarki da shi, ke ma kin yarda abin kunya ne.

Ki sa Kande da babanku su zaunar da ku. Raniya ta dubi ƙunar nan da idonta ta ba ki haƙuri, ke ki raka ta wurin likitan haƙori. Sannan ita da bakinta ta gaya wa Elfatih 'yar su wa ce, tun baƙuwa ba ta iso ba. In ya tsaya, ta yi miji. In ya gudu, gara yanzu. Ki gaya mata in ji ni, na karɓi haihuwa da yawa a garin nan, ban taɓa ganin kirim ɗin da ya kai mahaifa ba. Ranar suna, jinjiri zai faɗa wa dangin miji komai da tsakar kansa.

Allah ya ba ki lafiya, ya tsiro miki da shi cunkus, ya huce zukatanku.

Haboba Jidda