Takardar Haihuwar Fadimatu

Juma'a da dare, Garwa

Yau ma mun raba shinkafa a ƙofar masallaci. Dada Hajara, tsohuwar da rikici ya koro daga wajen Mokolo, ta karɓi rabonta amma ba ta tafi ba.

"Ɗana, Allah ya saka. Sai dai jikata Fadimatu za ta bar makaranta. Ba takardar haihuwa, ba jarrabawa."

Shekara uku ina auna mata shinkafa, ban taɓa tambayarta komai ba sai sunanta.

Na gaya wa Alhaji Sali, shugaban kwamitinmu. Ya ce mu ciyarwa muka sani, takarda aikin hukuma ne. Ban yi musu ba.

Litinin ba zan je mahauta ba, zan raka su kotu. Ban ma san ta inda ake farawa ba.