Na Juya Kifi a Gaban Surukata

Anti Pei-lan, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don ban tabbata ina da hakkin yin kuka ba.

Mu 'yan tsibiran Penghu ne. Maigidana, Kun-ta, tun yana saurayi yake tseren allon teku, yana tsaye a kai riƙe da filafilin da iska ke turawa. Ya wakilci ƙasa, ya ciyo lambobi, daga baya ya koma tseren ƙananan jiragen ruwa. Da na aure shi har da iskar na aura. Ni mai rubuta komai ce, kuma duk safiyar duniya abin da nake fara sa wa a littafina shi ne ƙarfin iska. In ta kaɗa taga, tsoro ya kama ni. Ban taɓa faɗa masa ba, don mai gasa ba ya buƙatar tsoron matarsa a kafaɗarsa.

Watan jiya likita ya ce gwiwarsa ta gama aiki. Ya ajiye gasa. Surukata ta turara babban kifi, dangi suka taru. Kin san gidan masu shiga teku, ba a juya kifi a faranti, kada jirgi ya kife. In an cinye sama sai a ɗaga ƙaya a ci na ƙasa. Surukata kuwa, mijinta masunci ne da teku ta cinye, ba ta wasa da wannan. Shekara kusan ashirin ina ɗaga ƙaya. Ran nan, ban san lokacin da na sa tsinken cin abinci na juya shi ba, har ina 'yar waƙa.

Surukata ta ce, "Ashe jira kike yi." Kun-ta ya yi dariya ya ce, "Mama, ƙyale ta, jirgin ai ya riga ya hau tudu." Sai ya ajiye kwanonsa ya fita wajen allunansa. Surukata kuwa ta ci kwano biyu na shinkafa, ita da ko rabi ba ta iya gamawa. Ban sani ba ko haushi ne.

Anti, gaskiya ta faɗa. Yanzu ina barci kamar jaririya. Iska ta taso, shanyata kawai nake tunawa. Na ƙara ƙiba ma. Amma shi yana zama a bakin ruwa yana kallon masu atisaye, ya dawo ya ce abinci ya yi daɗi, shi ke nan. Ina tsoron yana ganin murnar karyewarsa nake yi. In faɗa masa hankalina ya kwanta, ko in yi ta ɓata fuska don taya shi? Ko dai ni muguwar mata ce?

Wadda Ta Juya Kifi, Magong

*

'Yar'uwa, muguwar mata ba ta yaga wasiƙa sau uku. Ba gwiwarsa kike wa murna ba. Murnar dawowarsa gida da ransa kike yi, kuma kin daɗe kina jiran ta. Ki ci gaba da barcinki.

Amma ki duba nasa gefen. Abin da ya tashe shi kowace safiya tun ƙuruciya ya ƙare, a gaban dangi kuma hannunki ya riga bakinsa sanarwa. Ya kare ki da wasa, amma ya ji zafi. Kada ki nemi ya taya ki murna yanzu, kada kuma ki yi masa fuskar ƙarya. Mutumin da ke karanta iska a kan ruwa ba zai kasa karanta fuskar matarsa ba.

Ki bi shi bakin ruwan nan, ki zauna kusa da shi. Ki fara da tsoron, ba da murnar ba. Shekarun nan bai san abin da kika ɗauka ba, shi ya sa bai gane abin da kika sauke ba. Sannan ki tambaye shi abin da ya fi kewa, ki yi shiru ki saurara, ko da amsar ba ta yi miki daɗi ba.

Surukarki kuwa, ki sake karanta wasiƙarki. Haushi ba ya buɗe ciki. Matar da teku ta ɗauke wa miji, ɗanta ya fito lafiya, ta ci kwano biyu. Ku biyu kuke jira, ke ce dai kika fara nunawa. Ki sayi kifi ki kai mata, ki ba ta haƙuri, ki ɗaga ƙaya yadda ta koya miki.

A gidanku kuma ki bar kifin yadda yake, har ranar da Kun-ta zai juya shi da hannunsa. Ina yi muku fatan wannan rana, ku ukun a teburi ɗaya.

Anti Pei-lan