Jirgin Ruwan Da Na Taya Ba Don Ina So Ba

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin sayar da jiragen ruwa da ke bakin teku a Bronx, wanda na sakaya sunansa saboda mutunci.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na san ba ka jin Hausa, amma direbobinmu sun cika garin nan. Ka tsayar da kowanne ya karanta maka, dama labarin ya riga ya kai musu.

Sunana Hamisu, direba ne ni, na daɗe ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Sai dai abin da aka san ni da shi ciniki ne. A kasuwar dabbobi ta garinmu na tashi, kuma a Bronx babu mai sayen mota ko ragon layya bai tafi da ni ba. Ko kwabo ba na karɓa, sunan kawai ya ishe ni. Wannan sunan ka zubar mini, ga kuma yadda aka yi.

Na ɗaya. Ranar Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, Dakta Nasiru, mijin ƙanwata, ya roƙe ni in raka shi wurinka, yana son ƙaramin jirgi mai inji na kamun kifi. Abokansa biyu suka biyo mu don su ga yadda nake yi. A ƙa'idar kasuwa, ba a nuna wa mai kaya abin da ido yake kai. Wanda ba ka so shi za ka fara tayawa, a ja, a ce albarka, sannan ka tambayi na gaskiyar kamar ba ka damu ba. Shi ya sa na wuce ƙaramin, na dafa wani tsohon farin jirgi mai ɗaki a ciki, wanda kuka rubuta wa dala dubu ashirin da takwas, na ce dubu goma sha ɗaya.

Na biyu. Duk ɗan kasuwar kirki da aka yi wa irin wannan tayi ransa ɓaci yake yi. Ya rantse, ya kawo zancen 'ya'yansa da kuɗin haya. Kai kuwa ko ido ba ka ƙifta ba. Ka kama hannuna da hannu biyu ka ce ka sallama, har ka kira sakatariyarka ta zo ta ga mutumin da ya sayi jirgin. Na ga hawaye a idonta. Daga baya na ji shekara huɗu yana ajiye a wurin, kyanwa ma ta haihu a ciki sau biyu.

Na uku. Ba zan yi maka ƙarya ba, ka ce ina iya zuwa gida in yi shawara. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Magidancin da ya taya a gaban surukinsa da shaidu biyu, aka sallama masa, da wane baki zai ce wasa yake yi? Na sa hannu ina murmushi, kuɗin da nake tarawa in canza mota suka tafi. Dakta kuwa da ya ga abin da ya same ni, sai ya biya nasa yadda aka rubuta, kuka haɗa masa da hula kyauta.

Na huɗu. Ba ka gaya mini jirgi haya yake biya kamar mutum ba. A hawa na bakwai nake zaune a unguwar Parkchester, motata ma sai na zaga unguwa sau uku kafin in sami wurin ajiye ta. Ban iya iyo ba. Sau ɗaya na hau shi, a ɗaure yake, amma sai da na yi amai. Yanzu kuma kun aiko cewa kafin sanyi dole a fito da shi daga ruwa a naɗe shi da leda, ni da rigar sanyina ɗaya ce tal.

Na biyar, kuma shi ne babba. A masallaci Kyaftin ake ce mini. Makon jiya maƙwabcina ya sayi mota bai neme ni ba, da na yi masa magana sai ya ce tsoro yake kada in tayo masa jirgin sama. Na yi dariya a gabansa, amma wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Ba na neman ka mayar mini da kuɗina. Na taya, an sallama, jirgi nawa ne. Roƙona biyu ne. Na farko, kai da ma'aikatanka ku koyi cewa albarka, ba ta da wuyar faɗi. Na biyu, Asabar mai zuwa zan zo da mutum goma daga masallaci in sayi tirelar da ake jan jirgin da ita. Don girman Allah ka ninka kuɗinta. Ka ƙi tayin farko, ka ƙi na biyu, ka haɗe rai, ka bari sai na kai bakin ƙofa sannan ka kira ni. Duk abin da na rage a gabansu, ranar Litinin zan dawo ni kaɗai in cika maka, har da na shan shayi.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya raya maka zuri'a, ya kuma sanya maka ɗan taurin kai a ciniki.

Wassalam.

Naka mai jirgin dole,
Hamisu Direba,
Parkchester, Bronx.