Akwatin Bayan Zana

Jibiya, daren Asabar, 12 ga Disamba, 1959

Alhamdu lillahi, an gama zaɓe lafiya. Tun bikin mulkin kan Arewa na bana siyasa ta hana ni sakat. Surukina na Daddara da jam'iyyarsa, Yaya Sani da muke awon gyaɗa a bakin iyaka da tasa, kowa na jirana. Na zata bayan ɗan takara za a jera mu a idon jama'a. Ashe zana aka kewaya, ka shiga kai kaɗai, ka jefa ƙuri'a a akwatin da ka so.

Da yamma surukina ya sa mini albarka. Yaya ya ce, "Na san ba ka ba ni kunya." Na ce wa kowannensu, "Ai ba komai." Allah ya saka wa mai zanar nan da alheri.