Makin da Ya Yi Sama

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Sakamakon jinin mahaifiyarki ya fito. Likita ya auna wani furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da shi, wanda ke nuna inda sankarar ciki ta dosa. Na tambaye shi adadin, ya ce ya yi sama ƙwarai. Na yi godiya na fito, domin akwai layi a bayanmu. Ma'ana, garkuwarta ta ci jarrabawa. Na shaida mata, har ta shanye rabin kofin shayi. Saboda haka ki soke tafiyar da kika shirya ta zuwa duba ta, ki bari sai an yi hutun makaranta.

A wasiƙarki kin rubuta "asibiti" ba wasali a tsakiya. Ki kula.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ku duka, da fatan yara sun warke daga mura.

Abin da na rubuta miki kuskure ne. Jiya na koma karɓo magani ni kaɗai, na yi wa likita barka. Ya ajiye alƙalami, ya jawo mini kujera. Ya ce a wannan cuta, hawan furotin ɗin galibi alama ce cewa abin ya yi nisa, kuma hoton cikinta bai saɓa masa ba. Ya ce alama ba hukunci ba ce, amma duk wanda ke son ganinta a zaune, kada ya jira hutu.

Na ƙare shekarun aikina na koyarwa ina duba takardun ɗalibai, inda babban maki alheri ne. Ban tambaya ba, na fassara.

Ita kuwa ta sa an fito mata da keken ɗinki. Tana yanka wa yaranki riguna, almakashi na kuɓuce mata, tana tsokanata wai Malam ya fi likita iya bayani. Sau da dama na tsara jimlar da zan faɗa mata, in isa ƙofar ɗakin, in tambaye ta ko tana son ruwa.

Ki taho makon nan. Kada ki zo da jajayen idanu; ki ce yara ne suka matsa miki. Ban taɓa koya miki ƙarya ba, Auta. Ina roƙonki ki yi wannan da kyau.

Mahaifinki.