Shi ya busa bakin injin feshi, ni na sha duka

Hajiya, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan kai kukana. Mijina Awaisu feshin gonar auduga yake yi wa mutane a wajen Dayi. In bakin injin ya toshe, sai ya cire shi ya sa a baki ya busa. Na yi magana har na gaji, wai me mace ta sani a feshi.

Ranar Talata ya dawo daga feshi, na kawo tuwo, yana cikin ci ya kife. Yawu na dalala, gumi sharkaf, naman jikinsa na rawa, yana ta shure-shure. Yayansa Jibo na shigowa ya ga kwano, ya ce ni na zuba masa guba. Ya shaƙe ni, ya gwara kaina da bango, ya fasa mini baki. Shi da mutanen gidan suka danne Awaisu suna ɗura masa manja yana kakari, sai da maƙwabcinmu ya ƙwace shi ya kai shi asibiti a Malumfashi.

Ya tashi, amma kunyar yayansa ta hana shi wanke ni. Ina gidanmu da kumburarren ido, gari ya ɗauka. Yanzu na ji zai koma feshi. Wata zuciyar na ce mini in yi shiru, in ya sake faɗuwa ba na gidan, kowa ya ga gaskiya. Haushinsa nake ji, kuma ina son sa.

Wadda aka zalunta, Dayi

'Yar'uwa, sannu. Alamun da kika lissafa na maganin feshi ne. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki ba a manne suke ba, akwai ɗan ƙanƙanin gibi tsakaninsu. Ta farko takan saki wani sinadari, ya tsallaka ya sauka a mazauninsa jikin ta gaba, ita kuma ta amsa: tsoka ta motsa, ko yawu ya zubo. Nan take wani sinadarin yake share na farko don jiki ya huta. Irin wannan magani kuwa, sinadarin nan mai sharar yake kashewa, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa har numfashi ya gagara. Haka yake kashe ƙwari. Manjan nan ma saura ƙiris ya bi masa ta huhu.

Na yarda tsoro ne ya ruɗa Jibo, amma tsoro ba hujjar shaƙe mace ba ne. Ki je a duba kanki da idonki. Mahaifinki ya nemi bayanin likitan da ya duba Awaisu, a zauna gaban mai unguwa da kwalbar maganin. Wanda ya ɓata ki a bainar jama'a, a nan zai wanke ki, kuma kina da ikon kai ƙara.

Shirun nan kuwa, kul. Jikinsa bai gama mayar da mai sharar ba, faɗuwa ta biyu tana iya zama ta ƙarshe. Ki aika a karɓe injin yau. Gawarsa za ta wanke ki, amma a takaba za ki ji labarin. Allah Ya ba ku lafiya, Ya bi miki hakkinki.