Ta roƙe ni in duba mata ko wani ya riga ta

Assalamu alaikum, ma'abota wannan shafi. Ina gaida manya da ƙanana. A ɓoye sunana don Allah, kuma masu zagi su ɗan jinkirta har su kai ƙarshe, domin duk abin da za su kira ni na riga su kiran kaina da shi.

Ni malamin jami'a ne, ɗan Jega, shekarata hamsin da ɗoriya. Fannina shi ne injinan da ke tura kumbo da tauraron ɗan Adam a sararin samaniya. Na san abin dariya ne a garin da babu wanda ya taɓa ganin roka sai a waya. Mahauta a kasuwa har yau tambayata suke yaushe zan kai su duniyar wata, ni kuma in ce sai an gyara hanya. Ɗan injin da muke gwadawa bai fi butar shayi girma ba, kuma shekaru muka yi maƙogwaronsa, wato ƙuntataccen wurin da wuta ke fita, yana narkewa kafin mu gama ɗaukar awo.

Ina da ɗaliba mai karatun digiri na biyu, bari in kira ta Hadiza, ɗiyar wani manomin albasa a Aliero. Ita ta warware matsalar. Ta ce babanta idan zai shayar da fangali ba ya raba ruwa daidai, inda ƙasa ta fi shan rana nan yake matso da hanyoyin ruwa. Sai ta zana siraran bututun sanyaya injin haka, cunkushe a maƙogwaro, warwatse a sauran jiki, ta yi lissafin da hannu a littafi mai bangon kwali. Muka gwada, injin ya ci wutarsa bai narke ba. Na yi kabbara a ɗakin gwaji kamar an yi mini haihuwa.

Lokacin tana da tsohon ciki na fari, za ta tafi gida goyon ciki. Ta durƙusa ta miƙo mini littafin da hannu biyu ta ce, "Malam, ga shi nan wurinka, kai ka san abin da ya dace." Kun san yadda muke, ɗalibi ba ya tambayar malaminsa ina aka kwana da aikinsa, rashin ladabi ne. Ni kuma a shekarar takarda ɗaya ta rage mini in zama farfesa. Na juya aikin zuwa Turanci mai kyau, abin da na fi ƙwarewa a kai ke nan, na aika wata mujalla ta ƙasar waje da sunana ni kaɗai. Me ya hana ni sa sunanta ko da a bayan nawa? Na ce wa kaina an fi ba da maki ga mai suna shi kaɗai. Wannan ita ce hujjar, ba ni da wata.

Da ta yi arba'in ta dawo da jaririya a baya, ta ce, "Malam, ka nuna wa masana aikin? Mi suka ce?" Na dubi ƙasa na ce sun ce aikin bai nuna ba, akwai sauran gyara mai yawa. Ta yi murmushi ta ce, "Dama na sani, Malam, ni ina zan iya." Ba ta nemi digirin digirgir ba. Ta karɓi koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Maiyama, shekara shida ke nan. Duk kaka sai ta aiko mini da buhun albasa, iyalina su ci, ni ma in ci. Wane irin mutum ne ke cin wannan miyar ya ƙoshi?

Makon jiya suka zo gidana ita da mijinta, mutumin kirki, direban mota ne da ya fi ni sanin darajar matarsa. Shi ya matsa mata ta nemi gurbin karatu a waje, kuma ana so ta aika bayanin binciken da za ta yi. Ta ce lissafin nan take son aikawa, ta sake zama a kansa, ta bi shi layi layi, ba ta ga kuskuren ba. "Wataƙila ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba," in ji ta. Sannan ta ce, "Malam, tun da Baba ya rasu kai ne ubana a wannan harka. Ba ni da hanyar buɗe manyan mujallu. Don Allah ka duba mini ko wani ya riga ni, kada su ce na yi sata." Mijin ya yi dariya ya ce, "Farfesa, in ta tahi ni da ɗiyan za mu tare gidanka, ka shirya tuwo." Na yi dariya tare da shi. Allah ya gani, har da ni aka yi dariyar.

Yanzu idan ta aika, masu tantancewa za su ga takardata cikin minti kaɗan, su rubuta cewa ta kwafi aikin malaminta, ƙofar ta rufe mata har abada. Idan na ce kada ta aika, na kashe ta sau biyu. Idan na rubuta wa mujallar gaskiya, kujerar farfesa ta tafi, wataƙila da aikin, kuma wannan ba shi ya fi tsorata ni ba. Abin da na kasa shi ne in dubi fuskar matar da ta shekara shida tana ganin kanta daƙiƙiya saboda maganata.

Jumma'a za a rufe karɓar takardu. Yau Talata. Da safen nan ta turo saƙo: "Malam, an samu dubawa?" Ban amsa ba tukuna. Jama'a, ku gaya mini, me zan yi?